Baba Ɗan Audu Ma Ya Taɓa Zama Yaro



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, a tarukan marubuta da ma cikin gidajen rediyo, wadda nake ganin lokaci ya yi da za a tare ta gaba da gaba. Maganar kuwa ita ce ta yaran nan namu, yawancinsu mata, da ke kallon shiri mai dogon zango a talabijin ko a YouTube, wani tauraro ya shiga ransu, sai su ɗauki waya su ƙaga labarin ƙuruciyarsa: yadda yake yana ɗan shekara 14 ko 16, gidan da ya tashi, wanda ya fara ɓata masa rai a duniya. In sun gama su watsa wa 'yan'uwansu kyauta. Idan na ce tauraro a nan, mutumin cikin labari nake nufi, ban nufin ɗan wasan da ya fito a matsayinsa ba.

Manya sun yi wa yaran nan caa da tuhuma uku. Wasu sun ce ɓarayin fasaha ne. Wasu sun ce ragwaye ne da suka kasa ƙirƙiro nasu. Wasu kuma sun ce masu ɓata tarbiyya ne. Ni dai ban yarda da ko ɗaya ba a yadda ake faɗarsu, kuma ga dalilaina.

Da farko, masu ganin wannan wata baƙuwar ɗabi'a ce da wayar salula ta kawo, su sani abin ya girmi wayar, ya girmi yawancin masu riƙe da ita. A watan Satumba na 1966 tashar NBC ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna Star Trek, labarin wani jirgi da ke yawo a sararin samaniya daga wannan duniya zuwa waccan. Cikin ma'aikatan jirgin akwai Spock, wanda Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa. Shi Spock ruwa biyu ne. Ubansa Sarek jakada ne daga wata duniya da ake kira Vulcan, inda mutane ke danne motsin zuciya, ba dariya ba kuka, sai abin da hankali ya yanke. Uwarsa Amanda kuwa 'yar Adam ce irinmu, malamar makaranta. A wani kashi da aka nuna a watan Nuwamba na 1967, wanda marubuciya D. C. Fontana ta rubuta, sai masu kallo suka ji cewa shekara 18 ke nan rabon da su yi magana irin ta ɗa da uba, saboda uban ya so ya shiga babbar makarantar kimiyya ta ƙasarsu, shi kuwa ya bijire ya shiga rundunar jiragen sararin samaniya. A 'yan jimloli aka faɗi wannan, aka wuce zuwa wani zancen.

'Yan kallo kam ba su wuce ba. Dama tun a watan Satumba na wannan shekarar wasu mata biyu, Devra Langsam da Sherna Comerford, sun fitar da mujallar masoya mai suna Spockanalia, wadda ake bugawa da injin kwafi mai juyawa da hannu, a aika wa masu so ta gidan waya. Bayanta irin waɗannan mujallu suka yi ta fitowa, kuma mata ne suka fi yawa cikin masu rubutu a ciki. Suka shiga tambayoyin da shirin ya tsallake. Yaya yaron nan ya yi da 'yan ajinsu masu yi masa gorin uwa? Wace rana ce ya daina kuka a gaban mutane? Ranar da ya gaya wa ubansa ba zai bi hanyarsa ba, uwar bayan wa ta goya? Kowa ya rubuta amsarsa, wata ta yi daɗi wata ba ta yi ba, kamar dai kowane irin rubutu.

To me masu shirin suka yi asara? A 1969 NBC ta dakatar da Star Trek bayan kashi 79. Da a ce 'yan kallon nan sun naɗe hannu, da shirin ya bi sahun ɗaruruwan da aka manta. Su ne suka riƙe shi da mujallunsu da tarukansu har tsawon shekara goma. A 1976 kamfanin ɗab'i na Bantam ya tattara wasu daga cikin labaran masoyan ya buga su littafi, kuma Gene Roddenberry, wanda ya ƙirƙiro shirin, shi da kansa ya rubuta gabatarwa. A 1979 aka dawo da labarin a matsayin fim na silima. A fim ɗin 2009 kuwa, sai ga masu shirin sun ɗauki hoton ainihin wurin nan da saurayi Spock ke tsaye gaban dattawan ƙasarsu yana ƙin karɓar gurbin makarantar, shekara 42 bayan an ambaci zancen a fatar baki. Tambayar da 'yan kallo suka yi ta yi kyauta, ita ce kamfani ya zo daga baya ya ci kasuwa da ita. Haka aka yi da Smallville, wanda ya shekara goma, daga 2001 zuwa 2011, ya kuma faro daga samartakar Superman. Haka aka yi da Young Sheldon daga 2017 zuwa 2024. In kamfani ya yi, sai a ce basira. In yarinya ta yi a wayar uwarta, sai a ce sata.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne, bai shafe mu ba. Duk wanda ya tashi a Zangon Kumasi ko a Garwa, a gida ana Hausa a waje ana wani harshe, duk wanda ubansa Bahaushe ne uwarsa Bazabarma ko Babarbariya, ya san abin da ake nufi da a ce maka a nan kai ba cikakken namu ba ne, a can ma a ce maka haka. Kuma ya san a shekarun tashen balaga ne wannan gori ya fi ciwo. Shi ya sa idan ɗan kallo ya tashi cike giɓi, can yake nufa, domin a can ne hali ke daskarewa.

Mu dawo gida. Ku dubi shirye-shiryenmu masu dogon zango tun daga lokacin da Arewa24 ta fara aiki a 2014, da waɗanda suka biyo baya a YouTube, waɗanda mu ma a nan Nijar muke bi mako-mako kamar yadda ake bi a Kano. Yara nawa 'yan shekara 13 zuwa 17 ne ke riƙe da labari a cikinsu? Yawanci yaro a shirinmu ɗan aike ne, a ce masa je ka kira babarka, ya fita, shi ke nan. Yarinya kuwa ba a waiwayarta sai ta isa a tsaya da ita a zaure. Taurarinmu suna faɗo mana ne daga sama da gemunsu da halinsu a kammale. Ɗauki Baba Ɗan Audu na cikin Labarina, shirin Aminu Saira, wanda Rabi'u Rikadawa ya fito a matsayinsa, dattijon nan da in ya ce maka ga gabas sai ka ɗaga kai ka duba rana tukuna. Mun yi dariya, mun yi tsaki, mun kwaikwayi maganarsa a majalisa. Amma ai ba a haifi kowa da furfura da wayon tsiya ba. Shi ma ya taɓa zama yaro. Wa ya fara cutarsa? Wace rana ce ya yi gaskiya ya kwana da yunwa, ya ga wani ya yi ƙarya ya ci tuwo? Yaron da ya zauna ya yi wannan tambaya har ya ƙaga mata amsa ya fi ni da kai kallon shirin, domin mu dariya kawai muka kwasa.

Kuma wannan giɓi na allon talabijin, giɓin rayuwarmu ne. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matanmu ana aurar da su kafin su cika 18. Ke nan yarinya da yawa daga wasan 'yar tsana take tsallakawa zuwa goyo, babu wanda ya tsaya ya tambaye ta abin da ya wuce a zuciyarta a tsakani. Al'ummar da yara suka fi yawa a cikinta, amma labaranta ba su da wurin yara, ai dole yaran su nema wa kansu wuri. Sun samu a inuwar taurarin da suka riga suka sani, don ya fi sauƙi ka ce wance ta cikin shiri ce ta ji haka da ka ce ni ce na ji.

A shirin da nake gabatarwa na karanta ƙagaggun labarai a daren Lahadi, wata ɗalibar kwaleji ta taɓa turo mana irin wannan rubutu. Ta ɗauki wata uwar miji mai zafin hali daga wani shiri da kowa ke kallo, matar da duk gari ke tsine wa, ta mayar da ita 'yar shekara 14. A labarin, yarinyar ce ta ɗaya a ajinsu, aka cire ta ana saura wata biyu jarrabawa, aka kai ta gidan da ta tarar da kishiyoyi biyu da uwar miji. Ta ɓoye littafinta na lissafi a ƙasan kwalla, kullum da dare ta ciro ta duba, har ranar da aka yi amfani da shi aka hura wuta. Marubuciyar ba ta wanke matar daga muguntarta ba, ta dai nuna inda aka shuka ta. Da muka karanta, mata suka yi ta bugo waya, wata dattijuwa ta ce a gaya wa yarinyar ta rubuta labarinta ba tare da ta san ta ba. Washegari wani babban marubuci, wanda nake ganin girmansa, ya tare ni ya ce: “Malam, yanzu har kayan sata kuke karantawa a gidan rediyo?” Wannan tambaya tasa ce nake so in amsa a gaban kowa.

Sata ita ce ka ɗauke wa mutum abu ya wayi gari babu shi. Masana'antar fina-finan Hausa ta san ɓarayinta na gaskiya: masu buga faya-fayen jabu da suka durƙusar da kasuwar CD, da masu shagon tura fim a waya kan dala ashirin, da masu kwashe shiri sukutum su ɗora a tasharsu ta YouTube. Waɗannan kowane kallo da suka samu, daga aljihun furodusa suka zare shi. Yarinyar da ta rubuta ƙuruciyar uwar miji fa? Ba ta kwafi ko daƙiƙa ɗaya ta hoto ba, ba ta kwafi jimla ɗaya ta marubucin shirin ba. Wanda ya karanta labarinta komawa yake ya sake kallon shirin da sabon ido. Talla ce ta yi musu wadda ba su biya ko dala ba.

Sannan su waye mu da za mu ɗaga hanci a kan aro? Gizo da Ƙoƙi na wa ne? Kowace kaka ta ɗauke su ta kai su inda ta ga dama, ta ƙara musu abin da kakarta ba ta faɗa ba, ba a taɓa kai wata gaban alƙali ba. Abubakar Imam, wanda duk muke rantsuwa da alƙalaminsa, da ya zauna rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo daga Alfu Laila, ya ɗebo daga tatsuniyoyin 'yan'uwan nan Grimm na Jamus, ya sa musu riga da hula ya zaunar da su a ƙasar Hausa. Gwaninta muke kiran wannan, kuma gwanintar ce. Masana'antar Kannywood kuwa, wa bai san yawan labaran da aka kwaso daga fina-finan Indiya ba, wani lokaci har da rawar da sautin waƙar, ba tare da an ambaci mai abu ba? Yaran nan aƙalla suna rubutawa a saman shafi cewa tauraron nan na shiri kaza ne, ba nasu ba ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san akwai doka, ban kuma ce a taka ta ba. Dokokin haƙƙin mallaka, a Nijar da Nijeriya da sauran ƙasashe, sun ba mai abu ikon amincewa ko ƙin amincewa a juya aikinsa zuwa wani aikin. In furodusa ya ce bai yarda a taɓa taurarinsa ba, haƙƙinsa ne, a bar masa. A ƙasashen waje ma akwai marubuta irin su George R. R. Martin da suka fito fili suka ce ba sa so. Abin da nake cewa shi ne, samun iko daban, hikimar amfani da shi daban. Kuma in ka bi tarihi za ka ga inda rigima ta fi tashi shi ne inda kuɗi ya shigo. Masu Star Trek sun kawar da kai ga dubban labaran masoya shekara da shekaru, amma a watan Disamba na 2015 suka maka wasu masoya a kotu, bayan sun tara fiye da dalar Amurka miliyan ɗaya don shirya wani fim mai suna Axanar. Ga iyakar nan a fili: rubuta don so, kada ka sayar.

Sai tuhuma ta biyu, wai ragwanci ne. Duk mai faɗin haka bai taɓa gwadawa ba. In ka ƙirƙiro naka tauraro, duk abin da ka sa a bakinsa ya zauna, babu mai ce maka ba haka yake magana ba. Amma in ka ɗauki wanda dubban mutane suka haddace tafiyarsa da tsakinsa, dole ka rage masa shekara arba'in kuma a ji muryarsa a bakin yaron, dole duk abin da ka ƙaga ya kai shi inda shirin ya same shi. Ka kuskure kaɗan, makaranta su yi maka ca a ranar. Wace makarantar koyon rubutu ce ta fi wannan tsanani? Yaron tela da gyaran tsohuwar riga yake farawa kafin a ba shi sabuwar shadda ya yanka. Naomi Novik, wadda littafinta Uprooted ya ci kyautar Nebula, daga rubutun masoya ta taso, tana kuma cikin waɗanda suka kafa Archive of Our Own, rumbun da masu aikin sa-kai ke gudanarwa ba talla, wanda ke ɗauke da labarai sama da miliyan 10, wanda kuma ya ci kyautar Hugo a 2019. Mu a nan da ba mu da kamfanonin ɗab'i masu neman sababbin marubuta, ba mu da editoci, ɗakunan karatunmu a ƙirge suke, shi ne za mu rushe 'yar rumfar da yara suka kafa wa kansu?

Tuhuma ta uku ita ce ta tarbiyya, kuma a nan ina da magana da ɓangarorin biyu. Gaskiya ne akwai masu fakewa da sunan tauraro su zuba batsa. Wanda ya ɗauki yarinya 'yar shekara 15, ko da ta cikin labari ce, ya rubuta ta don tayar da sha'awar manya, ni da shi ba mu haɗa hanya ba, kuma a tona shi a kore shi daga cikin marubuta. Haka wanda ya bar mutumin cikin shiri ya koma kan ɗan wasan da kansa, mai iyali da mutunci, ya ƙaga masa ƙuruciyar ƙarya da sunansa na yanka. Wannan ƙazafi ne, sunansa ke nan. Haka wadda ta rubuta shafi goma ta ce sai an turo jaka ɗaya ko naira ɗari biyar za a ga ci gaba. Ke baiwar Allah, in kuɗi kike so, canza sunaye, gina naki gidan, sannan ki sa farashi.

Amma don an sami ɓata-gari ba a rufe kasuwa. Mun taɓa ganin wannan wasan. Lokacin da littattafan da aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano suka cika gari, su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino sun sha irin wannan gori. A 2007 har ƙona littattafan soyayya aka yi a bainar jama'a a Kano. Yau jami'o'i na ba da digiri a kan waɗannan littattafai, kuma tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa ke karrama mata marubuta, jikokin wancan yunƙuri. Wutar ba ta hana kowa rubutu ba, ta dai koya wa yara ɓoye littafi a ƙarƙashin katifa. Rubutun da ake yi a ɓoye kuwa shi ne ya fi saurin lalacewa, don babu babban da zai leƙa ya ce gyara nan.

Saboda haka ga roƙona. Furodusoshi da marubutan shirye-shirye, ku fito ku faɗi sharuɗɗanku a sarari: an yarda a rubuta, kada a sayar, kada a yi batsa, a ambaci mai shiri. Wanda ya fi ƙarfin hali cikinku ya sa gasa, ya ce a rubuta masa ƙuruciyar tauraronsa a kalma dubu biyu, ya ga abin mamakin da zai shigo masa, wataƙila ma a ciki ya tsinci wanda zai rubuta masa zango na gaba. Ƙungiyoyin marubuta, ku jawo yaran nan jiki ku gyara musu ƙa'idar rubutu maimakon ku tsaya daga nesa kuna jifa. 'Yan'uwana ma'aikatan rediyo, in irin wannan labari ya zo muku, ku auna shi da ma'aunin da kuke auna sauran: in ya yi kyau kuma ya tsabtata, ku nemi yardar mai shirin ku karanta. Iyaye kuma, in kun ga 'yarku ta duƙufa tana rubuta labarin wata yarinya da aka cire daga makaranta, kafin ku ƙwace wayar ku karanta tukuna, mai yiwuwa da ku take magana.

Ku kuma ƙannena masu rubutun, ku ci gaba, amma ku kiyaye iyakokin nan uku, don kada ku ba masu neman dalili dalili. In hannunku ya faɗa, ku ƙirƙiro naku taurarin. Ranar da wani yaro a Agadas ko Tamale zai ɗauki tauraronku ya ƙaga masa ƙuruciya, kada ku kira shi ɓarawo, ku ce masa Allah ya ƙara basira.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.